Shekara Biyu Nesa Da Gida: Yadda Matasa 'Yan Mishan Na Mormon Ke Rayuwa

Da yawa daga cikinmu ba ma iya yin kwana uku ba mu ji muryar mahaifiyarmu ba. Wanda ke makarantar kwana ya san yadda ake ƙirga ranaku kafin ranar ziyara, mu kuma da ke jami'a mun san yadda ake lallaɓa ragowar kati don a kira gida. To, har zuwa watan Fabrairun 2019 akwai dubban matasa 'yan shekara 18 da 19 a faɗin duniya waɗanda dokarsu ta ba su damar kiran iyayensu sau biyu kacal a shekara: ranar Kirsimeti da kuma Ranar Uwa, wadda a Amurka ake yi a Lahadi ta biyu ta watan Mayu. Littafin dokokin nasu ya so kowane kira ya tsaya a minti 30 zuwa 40. Ke nan saurayin da ya yi shekara biyu a waje kira huɗu zai yi, kuma idan aka tara hirarsa da gida gaba ɗaya ba za ta kai awa uku ba.

Waɗannan matasa su ne 'yan mishan na cocin da aka fi sani da Mormon. Da ƙafarsu suke neman tafiyar, ba a biyan su albashi, su da iyayensu ne ma suke biya. A wannan mako mun leƙa rayuwarsu ta yau da kullum. Wa'azin addininsu ko sukarsa ba aikin wannan shafi ba ne. Abin da ya ja hankalinmu shi ne sa'o'inmu ne, kuma tambayar da suke fama da ita tana jiran kusan kowane ɗalibi da ke karanta wannan shafi: idan nisa ya raba ka da gida, yaya za ka riƙe zumunci, kuma yaya za ka riƙe kanka?

Su wane ne Mormon?

Cikakken sunan cocin shi ne The Church of Jesus Christ of Latter-day Saints, wato Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Smith ne ya kafa shi ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar New York. Laƙabin Mormon ya fito ne daga Littafin Mormon, wanda aka buga a shekarar, kuma mabiyan suke karanta shi tare da Baibul. Bayan an kashe Smith a 1844, Brigham Young ya ja mabiyan suka yi ƙaura zuwa yamma, suka isa kwarin Salt Lake a 1847. Har yau hedikwatarsu tana birnin Salt Lake City a jihar Utah. Cocin ya ce mabiyansa sun haura miliyan 17, kuma fiye da rabinsu suna wajen Amurka.

Su dai suna ɗaukar kansu Kiristoci, amma manyan ɗariƙun Kirista da dama ba su yarda da wasu daga koyarwarsu ba. A 2001 fadar Paparoma ta ce ba ta amince da baftismarsu ba. A 2018 kuma shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi a daina kiran su Mormon a riƙa faɗin cikakken sunan cocin. Sai dai laƙabin ya riga ya bi bakin duniya, shi ya sa muka yi amfani da shi don a gane su.

Aika masu wa'azi tsohuwar al'adarsu ce. Samuel Smith, ƙanen Joseph, ya fita da littafin tun a 1830. A 1837 suka isa Ingila, a 1898 kuma aka aika 'yan mata marasa aure na farko, Inez Knight da Jennie Brimhall, su ma zuwa Ingila.

Takardar da ke yanke makomar shekara biyu

Samari suna yin wata 24, 'yan mata wata 18. Ga samari cocin yana ɗaukar tafiyar a matsayin nauyi da ya rataya a wuyansu, ga 'yan mata kuwa zaɓi ne. A watan Oktoban 2012 shugaban cocin Thomas S. Monson ya rage shekarun fita: samari daga 19 zuwa 18, 'yan mata daga 21 zuwa 19. Nan take layi ya cika. Daga kusan 58,000, yawan 'yan mishan ya haura 80,000 cikin shekara guda. Ma'anar wannan ita ce yaro na iya gama sakandare a watan Yuni, kafin ƙarshen shekara yana wata nahiyar yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutanen da bai taɓa gani ba.

Mai son tafiya zai cike takardu, likita ya duba lafiyarsa, likitan haƙori ya duba haƙoransa, shugabannin cocin unguwarsu su yi masa tambayoyi kan imaninsa da halayensa. Daga nan sai a aika takardun Salt Lake City, inda ɗaya daga cikin manyan shugabannin da suke kira manzanni goma sha biyu zai zaɓa masa wuri. Shi ba shi da ta cewa. Yana iya faɗawa Japan, ko Peru, ko wata jihar da ke maƙwabtaka da tasu.

Ranar da amsa ta iso, wadda yanzu takan zo ta intanet, biki ake yi. Dangi da abokai su cika falo, wasu su lissafo ƙasashen da suke hasashe, yaron ya tsaya a tsakiya ya karanta takardar da ƙarfi. A cikinta ne shi da mahaifiyarsa za su ji sunan ƙasar a lokaci guda, da harshen da zai yi wa'azi da shi, da ranar da zai bar gida.

Makarantar horo

Zangon farko shi ne cibiyar horar da 'yan mishan. Mafi girma tana garin Provo a Utah, kusa da Jami'ar Brigham Young, kuma ana koyar da harsuna sama da 50 a cikinta. Akwai wasu a ƙasashe irin su Meziko, Brazil, Filifin da Ghana. A Provo bankwana ba ya ɗaukar lokaci: mota ta tsaya a bakin hanya, a sauke akwatuna, a rungumi juna, wani ɗan mishan da ya riga shi zuwa ya ja masa kaya zuwa ciki. Cikin 'yan mintuna an rabu.

A nan ake maƙala masa baƙin bajon nan da ke ɗauke da sunansa da na cocin. Daga ranar an ajiye sunansa na yanka. Saurayi ya zama Elder, wato dattijo, sai a haɗa da sunan gidansu, ko da gemu bai fito masa ba. Budurwa kuma ta zama Sister, wato 'yar'uwa.

Wanda zai yi aiki da harshen da ya iya, makonni kaɗan yake yi. Mai koyon sabon harshe yakan yi mako shida zuwa tara, gwargwadon wuyarsa. Malaman galibi matasa ne da suka dawo daga ƙasashen. Dabararsu mai sauƙi ce, kuma mai koyon Turanci ko Larabci ko Faransanci a cikinmu na iya aronta: tun daga makon farko ana sa ɗalibi ya yi magana da harshen, ya yi addu'a da shi, ya gaisa da shi a ɗakin cin abinci, ko da kalmomi ashirin ya sani. Kuskure ba abin kunya ba ne a wurin, shiru ne ba a so.

Daga 6:30 na safe zuwa 10:30 na dare

Jadawalin da aka daɗe ana bi yana farawa da ƙarfe 6:30 na safe. Addu'a, motsa jiki na rabin awa, wanka, karin kumallo. Sai karatun littattafan addini shi kaɗai, sai karatu tare da abokin aikinsa, sai bitar harshe. Da misalin ƙarfe 10:00 su fita, a ƙafa ko a keke ko a motar haya, wasu wuraren a motar cocin. Yinin yana tafiya ne wajen tsayar da mutane a hanya, ziyartar waɗanda suka ba su lokaci, koyar da darasi, da taimakon jama'a kamar share gida, kwashe kaya ko koyar da Turanci kyauta. Su dawo gida wajen ƙarfe 9:00 na dare, 10:30 a kashe fitila. A 2017 aka sassauta jadawalin don ya dace da yanayin kowace ƙasa: a wasu sassan Afirka a tashi da wuri a dawo da wuri, a Latin Amurka kuma a jinkirta.

Dokokin suna da yawa. Babu soyayya ko zance har a gama. Babu kallon fina-finai da talabijin, babu kiɗan da ba na addini ba, babu iyo. Samari an san su da farar riga da laktayi da gajeren aski, ko da yake tun 2020 an yarda a wasu wurare su sa shuɗiyar riga ko su bar laktayin. 'Yan mata sun samu izinin sa dogon wando na mutunci a ƙarshen 2018. Wayar hannu akwai, har suna amfani da Facebook wajen aikinsu, amma an taƙaita abin da ke cikinta, kuma abokin aiki yana da damar ganin allon.

Akwai kuma dokar da ta shafi dukkan mabiya cocin tun daga wata koyarwa ta 1833: babu giya, babu taba, babu kofi, babu shayin ganye. Ku ɗauka an ce mutum ya shekara biyu yana wucewa ta gaban teburin mai shayi, ana yi masa tayi, yana cewa na gode.

Abokin da ba ka zaɓa ba

Ɗan mishan ba ya zama shi kaɗai. Ana haɗa su biyu-biyu, namiji da namiji, mace da mace, kuma doka ta ce kowa ya kasance inda ɗan'uwansa zai gan shi ya kuma ji shi, in ban da banɗaki. Ɗaki ɗaya suke kwana, gado daban-daban. Tare za su yi cefane, tare za su dafa, tare za su fita. Dalilin cocin shi ne tsaro, da kare su daga zargi, da kuma taimakon juna wajen bin doka.

Shugaban yankin mishan, wanda babban mutum ne da ke zuwa da matarsa su yi shekara uku, shi ke haɗa su. Duk bayan mako shida ana iya sauya wa mutum gari ko aboki. Saboda haka yaron da ya tashi a gidan masu hali a Amurka na iya samun kansa da ɗan manomi daga Filifin ko Kwango, ɗaya yana son yaji ɗaya ba ya iya ci, ɗaya mai surutu ɗaya miskili. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma cocin ya san da haka. Shi ya sa aka ware lokaci kowane mako su zauna su biyu, kowa ya faɗi abin da ya yaba a halin ɗan'uwansa, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. Duk wanda ya taɓa raba kwana da wani a hostel, aka yi ta ƙunƙuni kan guga ko bokiti har aka daina gaisawa, zai gane amfanin wannan zama.

Ƙofofin da ake rufewa

Mafi yawan mutanen da suke tsayarwa ba sa saurarensu. Wasu su ba da haƙuri, wasu su rufe ƙofa, wasu su yi zagi. Alƙaluman cocin na 2023 sun nuna 'yan mishan kusan 68,000 da sababbin mabiya kimanin 252,000. Idan aka raba, kowane ɗan mishan bai kai mutum huɗu ba a shekara. Wannan ma matsakaici ne. A ƙasashen Turai, inda mutane da yawa suka ja baya daga addini, mutum na iya gama shekara biyunsa da ƙyar ya samu ɗaya ko biyu, a Afirka da Latin Amurka kuwa adadin ya fi haka.

Ba kowace ƙasa suke shiga ba. Inda doka ta hana wa'azinsu, kamar Saudiyya da babban yankin China, ba sa yi. A Rasha, bayan wata doka ta 2016 da ta taƙaita wa'azi, sai aka koma kiran su 'yan sa-kai.

Litinin, ranar gida

Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ranar shiri. A cikinta ake wanki, guga, shara, aski, cefanen mako, ɗan wasan ƙwallo, har zuwa ƙarfe 6:00 na yamma a koma aiki. A cikinta ne kuma ake rubuta wa gida. Shekara da shekaru wasiƙar takarda ce kaɗai igiyar da ke tsakaninsu da iyaye, daga baya aka yarda da imel. Saurayin da bai yi fashi ba zai rubuta wasiƙa wajen ɗari kafin ya dawo. Iyalai da yawa suna tara su a ɗaure su kamar littafi. Daga gida kuma akan aiko da ƙunshin alewa, safa, hotunan ƙanne da labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu.

Akwai labarin wasiƙa ɗaya da kusan kowane ɗan mishan ya sani. A 1933 wani saurayi mai suna Gordon B. Hinckley yana Ingila, ba lafiya, ba mai sauraronsa. Ya rubuta wa mahaifinsa cewa yana ɓata lokacinsa da kuɗin gida ne kawai. Amsar da ta zo gajeriya ce: uban ya ce masa ya manta da kansa ya kama aiki. Hinckley ya zauna ya ƙarasa, kuma shi ne ya shugabanci cocin daga 1995 zuwa 2008.

Tunanin da ke bayan tsohuwar dokar ke nan: idan yaro yana jin muryar gida kullum, zuciyarsa ba za ta sauka inda aka aike shi ba. Amma ranar 15 ga Fabrairu, 2019, shugabannin cocin suka sauya. Yanzu ɗan mishan na iya kiran iyalinsa kowane mako a ranar shiri, ta waya, ta saƙo ko ta bidiyo, haka ma a ranaku na musamman kamar ranar haihuwar uwa ko uba. Sharaɗin shi ne shi zai kira, ba gida za su kira shi ba. Cocin ya ce yana son iyalai su zama cikin tafiyar 'ya'yansu. Wasu tsofaffin 'yan mishan sun yi gunaguni cewa an sangarta yaran zamani, iyaye mata da yawa kuwa murna suka yi.

Idan kewa ta zama ciwo

Nasihar mahaifin Hinckley ta yi wa ɗansa aiki, amma ba kowace damuwa ce aiki ke warkarwa ba. Sabon harshe, sabon abinci, rashin keɓewa, ƙin da ake nuna musu a titi da kewar gida suna haɗuwa a kan yaro ɗan shekara 18. Wasu kewar takan lafa bayan 'yan watanni. Wasu kuwa takan rikiɗe ta zama ciwon damuwa ko fargaba, barci ya ƙaurace, abinci ya ƙi shiga. Cocin ya fitar da ɗan littafi na musamman kan yadda za a jure matsin rayuwar mishan, yana kuma da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Duk da haka akwai masu dawowa gida kafin lokaci, saboda rashin lafiyar jiki ko ta zuciya, ko saboda karya doka. A unguwannin da kusan kowa ɗan cocin ne, wannan dawowa tana da nauyi. Mutane na tambaya da ido, yaron na jin ya kunyata gidansu, wasu har su daina zuwa cocin. Masu sukar tsarin suna cewa matsin dangi da na al'umma ya yi yawa, har wasu samarin suna tafiya ne don gudun magana. Shugabannin cocin sun sha roƙon mabiya su karɓi masu dawowa da wuri hannu bibbiyu, kuma an buɗe wata hanya ga waɗanda lafiyarsu ba za ta ɗauki tafiya ba: su zauna a gidan iyayensu suna aikin taimakon jama'a a garinsu.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce rasuwa. Idan uwa ko uba ko ɗan'uwa ya rasu, ɗan mishan na da zaɓin zuwa jana'iza ya koma, amma shawarar da cocin ya fi bayarwa ita ce ya zauna a bakin aikinsa, ya kalli jana'izar ta intanet idan da hali. Ko da ba rasuwa, rayuwar gida ba ta jira. Yaya za ta yi aure ba ya nan, ƙanen da ya bari yana rarrafe zai tarar yana gudu, budurwar da ta yi alƙawarin jira wani lokaci wasiƙar ban haƙuri take aikowa.

Wa ke biya?

Tun farkon shekarun 1990 cocin ya daidaita kuɗin a ƙasashe masu arziki, ta yadda wanda aka tura Tokyo mai tsada da wanda aka tura ƙauye mai araha kuɗi ɗaya za su zuba a asusu guda. A 2003 aka tsayar da shi a kan dala 400 a wata. A wannan lissafi, shekara biyu dala 9,600 ke nan. Daga asusun ake biyan haya, a ba kowa ɗan alawus na abinci da mota. Yara da yawa tun suna firamare ake buɗe musu asusun tafiya, su girma suna yankan ciyawar maƙwabta ko aiki a shago lokacin hutu suna tarawa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa mutum na kawo abin da ya iya, cocin ya cike sauran. Ko ta nan ma zumuncin bai yanke ba: duk wata akwai gidan da ke rage cefanensa saboda ɗansu da ke wata ƙasa.

A Najeriya da Ghana

Wanda ya taɓa zuwa Legas, Fatakwal, Aba ko Abuja mai yiwuwa ya ga samari biyu da farar riga da baƙin bajo suna tafe tare. Tarihin cocin da baƙar fata yana da tabo: har zuwa watan Yunin 1978 ba a ba baƙaƙe muƙamin limanci a cikinsa. Bayan shugaba Spencer W. Kimball ya soke wannan hani, 'yan mishan suka iso Najeriya a watan Nuwamban shekarar, suka yi wa wani malamin makaranta daga jihar Imo, Anthony Obinna, baftisma. Shi ya daɗe yana rubuta wa Salt Lake City wasiƙu yana neman su zo.

A Ghana gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin daga Yunin 1989 zuwa ƙarshen 1990, aka sallami 'yan mishan na waje. Bayan haka cocin ya farfaɗo. An buɗe haikalinsu na Accra a 2004, na Aba a 2005. Cibiyar horo ta Ghana ta fara a Tema a 2002, ta koma sabon gini a Accra a 2017. Akasarin matasan da ke wannan aiki a Najeriya a yau 'yan Afirka ne. Su ma suna barin iyaye a Kumasi ko Kalaba ko Kinshasa, su ma suna jiran Litinin.

Ranar dawowa

A filin jirgin saman Salt Lake City, ganin iyali riƙe da kyallaye da balan-balan suna jiran ɗan mishan abu ne na yau da kullum. Bisa al'ada uwa ce take fara rungumarsa. Daga nan wani shugaban cocin yankinsu zai sallame shi a hukumance, ya cire bajon, sunansa na yanka ya dawo. Wata Lahadi zai tsaya a gaban jama'a ya ba da labarin tafiyarsa.

Komawa gida ma sai an koya. Mutumin da ya shekara biyu ba ya motsi sai da aboki yakan ji wani iri idan ya zauna shi kaɗai a ɗaki. Ba ya sanin waƙoƙin da ake yayi, abokansa sun wuce shi da aji biyu a jami'a, wani ma harshen gida yana yi masa sarƙe da wanda ya koyo.

Amma yakan dawo da guzuri. Jon Huntsman ya koyi Sinanci a Taiwan yana ɗan mishan, ya zama jakadan Amurka a China daga 2009 zuwa 2011. David Neeleman ya yi nasa a Brazil, daga baya ya kafa kamfanin jiragen sama na JetBlue a Amurka da na Azul a Brazil. Mitt Romney, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, a Faransa ya yi nasa daga 1966 zuwa 1968, inda ya tsallake rijiya da baya a wani mummunan haɗarin mota. Akasarinsu dai ba su yi suna ba. Sun dawo ne da iya girki, iya tattalin kuɗi, iya tsayawa gaban baƙo su yi magana, da iya jin “a'a” sau hamsin a yini ba tare da sun karaya ba.

Kafin taku tafiyar ta zo

Ƙannenmu da ke aji shida, ko wata shekara ba za ta zagayo ba wasunku suna Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko ma ƙetare. Bayan jami'a kuma ga hidimar ƙasa tana jira, ita ma takarda ce za ta gaya muku jihar da za ku. Akwai abubuwan da muka ga sun cancanci aro daga waɗannan sa'o'in namu, ko da addininmu da nasu ba ɗaya ba ne.

Ku sa wa kiran gida rana da lokaci, ku riƙe shi kamar yadda kuke riƙe lokacin jarrabawa. Mu da waya ke hannunmu dare da rana mun fi kowa iya yin wata guda ba mu yi wa Baba cikakkiyar gaisuwa ba, sai in kuɗi ya ƙare. Idan kun kira, ku ba da labari na gaske: abin da kuka ci, malamin da ya ba ku wuya, abokin da kuka yi. Ku tambayi Inna ƙafarta, ku tambayi ƙanne karatunsu. Ku koyi dafa abinci kala uku da wanke kayanku tun kuna gida. Idan zama da abokin ɗaki ya yi tsami, ku zauna ku faɗa wa juna tun abin bai zama gaba ba.

Idan kuma kewa ta wuce kewa, barci ya gagara, karatu ya daina shiga, kuka ji ba kwa son ganin kowa, kada ku ɓoye don gudun a ce kun cika raki. Ku gaya wa iyaye, ku gaya wa malamin da kuka yarda da shi, ku je asibitin makaranta. Cocin da ya shafe shekaru masu yawa yana ganin kira biyu a shekara ya isa, shi da kansa ya dawo ya ce a kira gida kowane mako.